Gobarar Grenfell: Ƙofar Da Aka Buɗe A Hawa Na 23

Wannan shi ne jawabin da Malam ya gabatar wa 'yan uwa matasa bayan sallar Magariba, game da waƙi'ar gobarar da ta auku a birnin Landan ta ƙasar Ingila.

Bayan yabo ga Allah da salati ga Manzonsa (S), Malam ya fara da bayanin gidan. Ya ce Grenfell dogon bene ne mai hawa 24 a unguwar Kensington ta Arewa, a wata ƙaramar hukuma da ke cikin mafiya arziki a Ingila, amma shi gidan na talakawa ne 'yan haya. A ciki akwai mutanen Maroko, Sudan, Iritiriya, Habasha, Labanan, Siriya, Iran, Gambiya, Italiya da Filifin, ga kuma Turawan ƙasar. Musulmi da Kirista, kowa da harshensa, wasu sun yi shekaru gaisuwa kawai ke haɗa su. "Kuma 'yan uwa, gidan nan duk tsawonsa matakala ɗaya gare shi. Ku riƙe wannan."

Malam ya ci gaba da cewa a daren 14 ga Yuni 2017, wanda ya yi daidai da 19 ga Ramadan 1438, gab da ƙarfe ɗaya, wuta ta tashi daga wani firiji a hawa na 4. Cikin kimanin rabin awa ta kai ƙololuwar ginin. Dalili kuwa, a gyaran da aka kammala a 2016 an lulluɓe bangon ta waje da faranten alminiyon masu roba a tsakiya, robar da ke ci kamar fetur. An zaɓi waɗannan faranti ne don a rage kusan fam dubu 300 a kuɗin aiki. Tun a watan Nuwamba 2016 wasu mazauna gidan sun rubuta gargaɗi cewa bala'i na tafe, mahukunta suka yi kunnen uwar shegu da su. Da wuta ta kama aka riƙa ce wa masu kiran waya su zauna a ɗakunansu, ba a janye umarnin ba sai ƙarfe 2:47. Rayuka 72 suka salwanta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A nan Malam ya ɗan yi shiru, sannan ya ce abin da ya tara mu a kai ya wuce lissafin gawa. Azumi a Landan a irin wannan lokaci yana haura awa 18, dare gajere ne ƙwarai, don haka Musulmi da dama idonsu biyu, wasu sun dawo daga tarawihi, wasu na jiran sahur. Suna cikin waɗanda suka fara jin ƙaurin hayaƙi. Samari irinku suka riƙa dukan ƙofofi suna tada mutanen da ko sunansu ba su sani ba, kuma ba wanda ya tsaya tambayar addinin mai ɗaki.

Ya ce da hayaƙi ya toshe matakalar, wasu bayin Allah suka haura sama maimakon sauka, suka isa hawa na 23 suna neman mafaka. A can akwai wata baiwar Allah 'yar Masar da 'ya'yanta mata biyu ƙanana, mijinta ya yi tafiya. Tana ɗaukar abin da ke faruwa kai tsaye a Facebook, ana jin tana ambaton Allah. Ana kuma jin wata na gargaɗinta kada ta buɗe ƙofa, hayaƙi zai shigo. Ta buɗe, ta kira na waje su shigo. Ita da 'ya'yanta ba su fita ba, kuma a ɗakin an samu gawarwakin mutanen da ba 'yan ɗakin ba ne. "Wallahi mai gargaɗin ba ƙarya ta yi ba," in ji Malam, "hayaƙin zai shigo. Amma wannan uwa ta ji muryar mutum a bayan ƙofa. Kowannenku ya tambayi kansa, a gidan hayar da yake, ɗaki nawa ya san mai shi?"

Ya kuma ambaci wani saurayi ɗan shekara 23 da ya tsere wa yaƙin Siriya yana karatun injiniya. Hayaƙi ya raba shi da ɗan uwansa wajen fita, ɗan uwan ya tsira, shi ya rasu.

Kafin gari ya waye masallacin Al-Manaar da majami'un unguwar sun buɗe ƙofofinsu, mabiya addinin Sikh suka zo da abinci, alhali jami'an ƙaramar hukuma sun kasa kataɓus. Matan da suka rasa muhalli suka riƙa haɗuwa a kicin ɗin masallacin suna girka wa iyalansu da maƙwabta, suka sa masa suna Hubb, wato ƙauna. Sannan a ranar 14 ga kowane wata, shekaru a jere, jama'a suka riƙa tattaki cikin koren tufafi ba mai cewa uffan, 'yan kwana-kwana na jere a gefen hanya ana rungumarsu.

Malam ya ce waɗannan mutane, da a da ba su san juna ba, su suka tsaya kai da fata a gaban kwamitin bincike, har rahoton ƙarshe ya fito ran 4 ga Satumba 2024 yana tabbatar da cewa duk mace-macen nan ana iya kauce musu. A 2024 ɗin 'yan sanda suka ce sai ƙarshen 2026 za a yanke shawarar gurfanar da masu laifi. A Fabrairun 2025 kuma gwamnati ta ba da sanarwar za a rushe ginin, abin da iyalan mamata da dama suka ce an yanke ba tare da sauraronsu ba.

Daga nan aka yi addu'a, aka tashi sallar Isha'i.