KAFIN KA DANGWALA HANNU, KARANTA

Jawabi ga ɗaliban ajin yaƙi da jahilci na Tsanyawa



  

Yau maganarmu a kan arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa ce. Wani zai ce mu a Tsanyawa ba mu da zinariya, ba mu da kuza irin ta Riruwai. To, amma muna da yashi, da marmara, da dutse. Kuna ganin tifa-tifa suna ɗiba ana aikin hanya da gine-gine. Wannan ma ma'adini ne a wurin doka. Kuma a gonarka ko a rafin garinku ake haƙa shi.

Gonakinmu a matse suke. Gonar da aka mayar kududdufi ba za ta sake ba da gero ba. Saboda haka idan mai kwangila ya zo da 'yan kuɗi a hannu, kada a gama magana da baki kawai. A rubuta.

Ku saurari abin da doka ta ce. Duk ma'adinin da ke cikin ƙasar Nijeriya yana hannun Gwamnatin Tarayya. A shekarar 2007 aka yi dokar ma'adinai da ake aiki da ita. Mai son haƙa don kasuwanci sai ya sami lasin daga ofishin rajistar ma'adinai na tarayya. Kafin a ba shi, ana neman yardar mai gonar. Kafin ya fara aiki, dole ya yi yarjejeniya a rubuce da mutanen garin, a faɗi amfanin da za su samu. Ana sake duba wannan yarjejeniya duk bayan shekara 5. Idan an ɓata shuka ko gini, akwai diyya. Kun ga duk haƙƙinku a kan takarda yake. Wanda bai iya karatu ba sai a karanta masa abin da aka ga dama.

Bari in ba ku labarin Zamfara, domin idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

A shekarar 2010 yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Mutane suna kawo duwatsun zinariya cikin gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a inji. Ashe akwai gubar dalma a cikin ƙurar. Yara suna wasa a ƙasa, suna kai hannu baki. Fiye da yara 400 suka rasu. Da masu bincike suka bi gida-gida suna rubutawa a ƙauyuka biyu, sai aka gane cewa cikin yara 4 'yan ƙasa da shekara 5, ɗaya ya mutu a shekara guda. Da ana rubuta haihuwa da mutuwa a littafi tun farko, da an farga da wuri.

Garin Bagega ya daɗe yana jiran a kwashe ƙasar da ta gurɓata. An yi alkawarin kuɗi, shiru. Sai wasu matasa suka tashi suna bin diddigi. Suna tambaya: nawa aka ware? Wane ofishi ya karɓa? Yaushe za a saki? Suka yi ta yayatawa har aka saki kuɗin a farkon shekarar 2013, aka fara aiki, yara suka sami magani. Ba su ɗauki sanda ba. Takarda da tambaya suka riƙe.

Gwamnati ma ta san amfanin wannan. Akwai hukuma mai suna NEITI, wadda aka yi wa doka a 2007. Aikinta ta tambayi kamfanonin mai da na ma'adinai nawa suka biya, ta tambayi gwamnati nawa ta karɓa, ta gwada ta gani ko sun yi daidai, sannan ta buga kowa ya karanta. Akwai kuma dokar 2011 da ta ba ɗan ƙasa ikon rubuta wa ofishin gwamnati ya nemi bayani, a amsa masa cikin kwana 7.

Abin da NEITI take yi a Abuja, mu ma za mu iya yin irinsa a garinmu da littafin rubutu guda ɗaya. Ga yadda za a yi:

Na ɗaya, a nemi ganin lasin. A kwafe suna da lamba da iyakar filin.

Na biyu, a rubuta sharaɗi: faɗin wurin, zurfin ramin, kuɗin kowace tifa, ranar ƙarewa, da wanda zai cike ramin.

Na uku, a sa shaidu, har da mai unguwa. Idan gonar gado ce, a sanar da duk magada, har mata.

Na huɗu, a sa mutum ya riƙa ƙirga tifa yana rubutawa kullum. Duk kuɗin da aka karɓa a ba da rasit.

Na biyar, kuɗin da aka ba gari a karanta lissafinsa a bainar jama'a. Abin da aka ɓoye shi ke raba zumunci.

Kowa ya riƙe kwafinsa a adaka, inda gara da ruwa ba za su kai ba.

Kada wani ya ce neman rubutu rashin yarda ne. Malamai suna nan. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Mai gaskiya ba ya gudun takarda.

'Yan'uwa, wannan karatu da kuke yi da yamma bayan an dawo daga gona, shi ne shingen gonarku. Ku dage da zuwa aji. Ku bar matanku su zo. Idan an miƙo maka takarda, ka karanta a tsanake. In ba ka gane ba, ka kawo wa malamin ajinku kafin ka sa hannu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mana 'ya'yanmu. Wassalamu alaikum.