Ƙwarya Da Allura: Koyar Da Yara Dalilin Nitsewa Da Tasowa A Ruwa



Ku tambayi yaron aji biyu me ke nitsewa a ruwa, nan take zai ce abu mai nauyi. Kada malami ya yi saurin gyara masa. Ya kawo baho da ruwa, ya miƙa masa allura da kwanon tasa, ya ce ya canka kafin ya saka. Allura ta yi ƙasa, kwanon da ya fi ta nauyi nesa ba kusa ba yana lilo a sama. Shirun da ajin zai yi a lokacin, shi ne mafarin darasin.

Abin da ke faruwa, Arkimidis na birnin Sirakus, wanda ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa, ya bayyana shi: ruwa na tura abu sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Amma ɗan shekara bakwai bai da buƙatar wannan suna tukuna. Hannunsa ya fara sani. A ba shi ƙwarya ya kife ta a kan ruwa, kamar yadda mata ke yi in za su yi kiɗan ƙwarya a gidan biki, ya danna ta da tafin hannu. Zai ji tana ture shi. Na ga yarinyar da ta danna, ta saki, ƙwaryar ta yi tsalle ta fantsama mata ruwa a fuska, ta ce, "Malam, ruwan ne ba ya so!" Ban ga laifin wannan bayani ba a matakinta.

Daga nan sai lodi. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, don haka kwanon da ke cin lita ɗaya, in shi da kayansa suka haura kilo, sai ƙasa. Yara su riƙa jefa tsakuwa ɗaya bayan ɗaya suna ƙirgawa, suna kallon bakin kwanon yana kusantar ruwa. Yaron Yawuri da ya yi wannan ya gane abin da ke kifar da kwale-kwale ranar kasuwa. Na Argungu kuma zai tuna goran da masunta ke hawa a Matan Fada.

Cikin sauran gwaje-gwaje, akwai ƙwai da ke nitsewa a ruwan rijiya ya taso in an zuba gishiri sosai, da lemun zaƙi da ke yawo da ɓawonsa ya nitse in an ɓare.

Roƙona ga shugabannin makarantu: ku sayi baho biyu ku ajiye wa ƙananan azuzuwa. A yi gwajin a harabar makaranta, ba bakin kududdufi ba, kuma malami kada ya bar yara da ruwa ko na minti ɗaya.