Karatun Wasan Kwaikwayo a Jami'a: Wasa Ne Ko Aiki?

Jawabin da kwamitin ilimi na ƙungiyarmu ya gabatar a gaban iyaye da ɗalibai a Suleja

 



Dalilin tsayuwarmu a gabanku yau wata 'yar magana ce da ta taso a cikin gida. Kwanakin baya wani dattijo daga cikinmu, mai sayar da hatsi a kasuwa, ya same mu ransa a ɓace. Ɗansa ya nemi karatun lauya, amma da takardar shiga jami'a ta fito sai aka ba shi sashen wasan kwaikwayo. Dattijon nan ya naɗe takarda ya jefa a aljihu, ya ce shi bai baro garinsu ya zo Suleja yana shan rana don ya haifi maroƙi ba. Shi kuwa yaro shekara biyu ke nan yana zaune a gida yana jiran gurbi. Uban ya yarda mu kawo maganar gaban jama'a ba tare da ambaton suna ba, mu kuma muka ce ya ba mu lokaci mu bincika. To, ga abin da muka samo.

Da farko dai, jama'a, kwaikwayo ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe. Wane ne a cikinmu bai yi tashe ba, ko bai kalla ba, idan azumi ya kai kwana goma? Yara su liƙa gemun auduga, su kwaikwayi tsoho ko malami ko mai rowa, a yi dariya, amma a ƙarƙashin dariyar akwai gargaɗi. A fadojin sarakuna an yi wasan gauta, a ƙauyuka an yi kalankuwa bayan kaka. Da boko ya zo, Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa a 1949 don jan hankali a kan tsabta da kiwon lafiya. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake shirya wasanni yana sukar zalunci da cuta. Daga baya marigayi Ƙasimu Yero da marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, suka shigo mana har ɗaki ta rediyo da talabijin. Babu wanda ya kira waɗannan bayin Allah 'yan iska.

Abin da jami'a ta yi shi ne ta ɗauki wannan abu da muka sani, ta mai da shi ilimi mai tsari. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya an fara koyar da shi a 1975, ƙarƙashin wani Bature mai suna Michael Etherton. Tun farko malaman ba su yarda ɗalibai su tsaya a aji suna kwaikwayon Turawa ba. Sai suka riƙa tura su cikin Samaru su zauna da mutane, su ji abin da ke damunsu, su dawo su shirya wasa a kai, sa'an nan su koma su nuna shi a bakin titi. A 1977 suka kai Wasan Manoma garin Soba, a zamanin da gwamnati ke ta yekuwar ciyar da ƙasa. A 1979 suka je Maska, daga baya kuma Bomo, inda manoman da kansu suka shiga cikin wasan. Daga cikin waɗanda suka yi fice a wannan aiki akwai Salihu Bappa da Farfesa Oga Steve Abah. Wannan shi ake kira wasan kwaikwayo don ci gaban al'umma, kuma ya ɗauki darasi daga wasu masana biyu na ƙasar Birazil, Paulo Freire da Augusto Boal.

Yaya abin yake aiki? Ba wa'azi ake zuwa a yi wa mutane ba. A ce matsalar ƙauye ita ce taki ba ya isowa hannun manomi sai bayan shuka ta wuce. Sai a shirya wasa: ga manomi, ga ɗan kwangila, ga mai rabon taki. Idan wasa ya kai inda manomi ya rasa yadda zai yi, sai a tsaya cak, a juyo wurin 'yan kallo a ce, to, in kai ne, ƙaƙa za ka yi? Wanda ya ba da shawara a ce masa bismillah, shigo fage ka gwada. In shawarar ba ta ɓulle ba, kowa ya gani da idonsa, sai wani ya fito da tasa. Ta haka mutumin da bai taɓa buɗe baki a gaban dagaci ba zai gwada maganarsa a cikin wasa kafin ya je ya faɗe ta a zahiri. Gani ya kori ji, in ji Hausawa.

Yanzu mu dawo gida. A watan Janairu na 2025 tankar mai ta faɗi a mahaɗar Dikko, nan kusa da mu, mutane suka ruga kwasar mai, wuta ta tashi, aka yi asarar rayuka masu yawa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Sau nawa aka yi sanarwa a rediyo cewa kada a kusanci tankar da ta faɗi? An yi ba adadi. Amma sanarwa daban, ganin kanka a cikin labari daban. Haka nan maganar shaye-shaye. A 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, amma doka kaɗai ba ta shiga zuciyar yaro. Muna bukatar mutanen da suka san yadda za su tara matasa a tashar mota ko a majalisar mai shayi, su sa su dubi kansu ba tare da an zage su ba. Wannan aiki koyonsa ake yi.

Fanni na biyu da ya ba mu mamaki shi ne warkarwa, wato amfani da kwaikwayo da zane da sauran fasahohi wajen taimakon mai ciwon zuciya da damuwa. A nan mu yi hanzarin cewa ba bori muke nufi ba, babu girka, babu kiran iskoki. Aiki ne na likitocin ƙwaƙwalwa da masana halayyar ɗan Adam. Wani likita mai suna Jacob Moreno, wanda ya bar Biyana ya koma Amurka a 1925, shi ya shahara da wannan hanya. Misali, yaro da ubansa sun yi shekara ba sa magana. Sai mai ba da magani ya ce wa yaron ya zauna a matsayin uban, ya yi magana da bakinsa, ya faɗi abin da yake jin uban yana ji. Sau da yawa a nan ne yaro zai fara gane nauyin da ke kan mahaifinsa. Ko kuma a ajiye kujera babu kowa a kanta, a ce wa matar da ta rasa ɗanta ta faɗa wa kujerar abin da ba ta samu damar faɗa masa ba. Abin da aka danne shekaru ya fito, zuciya ta yi sauƙi. A Ingila masu wannan aiki sun kafa ƙungiyarsu a 1976, a Amurka kuma a 1979. A Ingila ma doka ba ta yarda mutum ya kira kansa da sunan wannan sana'a ba sai ya yi karatu mai zurfi ya yi rajista.

A ƙasarmu ma an daɗe da gane cewa allura da ƙwaya kaɗai ba su isa ba. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta, inda masu taɓin hankali ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, maimakon a kulle su. Ya nuna cewa zama cikin jama'a shi ma magani ne. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958. Mu mutanen Suleja ba sai an gaya mana amfanin wannan ba. Mun ga tashin bam a ofishin hukumar zaɓe a watan Afrilu na 2011, mun ga na cocin Madalla ranar 25 ga Disamba na wannan shekarar. Raunin jiki ya warke, amma akwai waɗanda har yau ƙarar fashewar taya ke firgita su. Wa zai saurare su da harshen da suke mafarki da shi, in ba 'ya'yanmu ba?

Kada kuma mu manta a wane gari muke zaune. A nan Suleja, tun tana amsa sunan Abuja, Sarki Sulaimanu Barau ya riƙa tara tukwanen wata Bagwariya mai suna Ladi Kwali. A fadarsa Michael Cardew ya gan su, kuma a 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da ya buɗe a garin nan, ita ce mace ta farko. Ba ta yi boko ba, amma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa, ga hotonta nan a bayan takardar naira 20 da ke aljihunmu. Da an ce mata ginin tukunya ba aiki ba ne, da wa ya yi asara?

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba za mu ɓoye muku komai ba. Tsoron iyaye yana da dalili. A cikin karatun nan akwai kiɗa da rawa, akwai atisaye har dare, akwai cuɗanyar maza da mata. Wanda ya tafi babu tarbiyya zai iya lalacewa, kamar yadda zai iya lalacewa a sashen lauya ko na likita. Kuma takardar digiri ba ta ba kowa aiki da kanta. Harkar finafinan Hausa da ta faro da Turmin Danya a Kano a 1990 ta ɗauki mutane da yawa, amma ba kowa ne ya ci riba ba. Wanda ya kammala zai iya koyarwa, ko aikin rediyo da talabijin, ko rubutu da ba da umarni, ko aikin wayar da kai tare da hukumomin lafiya da ƙungiyoyin agaji. Amma wanda yake son fannin warkarwa ya sani digiri na farko tushe ne kawai, sai ya ƙara da karatun halayyar ɗan Adam ko na ba da shawara. Kada wani ya fito daga aji ya ce ya zama likita.

Ga ɗalibai kuwa, karatun shekara huɗu ne. Ana neman kiredit biyar, har da Ingilishi da adabin Ingilishi, kuma adabin yana cikin darussan da ake rubutawa a jarrabawar JAMB. Ban da Zariya, akwai sashen a Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Jos, da Jami'ar Abuja da ke maƙwabtaka da mu.

Saboda haka kwamiti yana ba da shawara uku. Ta ɗaya, uban da ɗansa ko 'yarsa ta samu irin wannan gurbi kada ya yanke hukunci a kan jita-jita. Ya shirya ya je sashen da ƙafarsa, ya ga malamai, ya tambayi abin da ake koyarwa, kuma kwamiti a shirye yake ya raka shi. Ta biyu, yaron da ya tafi ya riƙe sallarsa da mutuncin gidansu, ya kuma san yana da ikon ƙin fitowa a matsayin da ya saɓa wa addininsa. Ta uku, duk ɗalibin da ƙungiya ta tallafa wa a wannan fanni, idan ya zo hutu ya tara yaranmu na Kwamba da Maje da Madalla, su shirya wasa a kan abin da ke damun unguwa, malamanmu su duba shi kafin a nuna.

Baba mai hatsi, kana cikin zauren nan kana jinmu. Ɗa naka ne, hukunci naka ne, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Roƙonmu ɗaya ne: kafin ranar rufe rajista, ka fito da takardar nan daga aljihu, mu je mu gano tare. In ka gani ka ce a'a, mun bi ka, mu taru mu nema masa wata hanya. Amma kada shekara ta uku ta same shi a zaune a ƙofar gida.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, a gafarce mu. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.