Yadda A Ke Canja Fulogin A-kori-kura

Yau za mu yi magana a kan fulogi. Shi ɗan ƙaramin abu ne, amma in ya mutu ran kasuwa, sai tumatirin mutum ya ruɓe a bakin hanya.

Mene ne aikinsa? A cikin inji, fetur ya kan gauraya da iska. Fulogi shi ke ƙyasta wutar da ke kunna su, sa'an nan inji ya juya. Motar da ke shan man gas ba ta da irin wannan fulogi, sai mai shan fetur.

Mu ɗauki Peugeot 504, wadda kowa ya sani, gama tun 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna. Silindarta 4, saboda haka fuloginta 4. In sun gaji, mota ta kan yi wuyar tashi da safe, ta riƙa rawa, ta sha mai da yawa, ta kasa hawan tudu.

To, ga yadda za ku yi. Da fari ku sayi fulogi mai lamba daidai da wadda littafin motar ya faɗa. Ku nemi sifanar fulogi mai dogon wuya. Ku kashe inji, ku zare mabuɗi, ku bari ya huce sarai. Kan injin nan na alminiyam ne, ba shi da taurin baƙin ƙarfe, kwance fulogi da zafi ya kan ɓata haƙoran ramin.

Ku cire waya guda ɗaya tak. Ku kama robar bakinta, kada ku fizgi wayar. In kun cire duka huɗun kuka rikita su, inji ba zai tashi daidai ba. Ku hure ƙurar da ke gefen ramin don kada ta faɗa ciki. Sa'an nan ku murɗa zuwa hagu.

Ku dubi bakin tsohon. In ruwan ƙasa ne, inji lafiya lau. In baƙi ne busasshe, fetur ya yi yawa, ko matatar iska ta toshe. In ya jiƙe da baƙin mai, wannan aikin makanike ne.

A bakin sabon akwai 'yar tazara inda wuta ke tsallakawa. Ku auna ta yadda littafin ya ce. Ku fara ɗaura shi da hannu, ban da sifana. In ya cije tun farko, ya karkace ke nan, ku kwance ku sake. Da ya zauna, ku ƙara kamar rabin juyi da sifana, in mai sabuwar washa ne. Kada ku nuna ƙarfi. Gyaran ramin da ya lalace ya fi kuɗin fulogi huɗu nesa.

Ku mai da wayar, sa'an nan ku koma kan na biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

Kun ga amfanin karatu. Wanda ya iya karanta lambar fulogi, ba mai sayar masa da wanda ba na motarsa ba. Allah ya kiyaye hanya, amin.