Lafiyar mota, lafiyar matafiyi

 Yau zancenmu a kan mota ne. Ba kowa ke da mota ba, amma kowa na shiga. Ita ke kai mu kasuwa. Ita ke kai mai naƙuda asibitin Gure. Hanyarmu kuwa rairayi ce, ga zafi, ga nisan ruwa. Mota in ta mutu a daji, wahalar ta kowa ce. Don haka direbobi da yaran mota da fasinja, ku saurara.

Kafin a tashi, a duba abu huɗu.

Na ɗaya, man inji. A tsai da mota wuri mai daidai, inji na da sanyi. A zaro sandar awon mai, a goge, a mayar, a sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin alamu biyu. A irin ƙurarmu, kada a wuce kilomita 5.000 ba a yi juyen mai ba. In man ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga inji. Sai wurin makaniki.

Na biyu, ruwan lagireto. A cika shi da ruwa mai tsabta. In inji ya yi zafi a hanya, a tsaya, a jira ya huce. Kada a buɗe murfin da zafi, tururi na ƙona fuska. A duba bel ɗin fanka, ko ya saki ko ya tsinke.

Na uku, matacin iska. Inji ma numfashi yake yi. In ƙura ta toshe matacin, mota ta rasa ƙarfi, ta sha mai da yawa. A kakkaɓe shi, in ya tsufa a sake sabo.

Na huɗu, batir. In an murɗa makulli aka ji ƙas-ƙas kawai, a fara duba kawunan batir. A kankare dattin, a ɗaure tamau.

Hayaƙi ma yana ba da labari. Baƙin hayaƙi: mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Shuɗi: inji na ƙona man jikinsa. Fari da ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama: sau da yawa ruwa ne ya shiga.

Tun 2011 matatar SORAZ ta Damagaram ta fara tace manmu na Agadem. Amma man da ya kwana cikin jarka yana iya ɗaukar ƙura da ruwa. A tace shi da ƙyalle mai tsabta kafin a zuba.

Saura maganar giya. In mota ta kafe cikin rairayi, kada a yi ta taka mata wuta. Haka ake ƙona kuloci. Alamarsa warin ƙauri, inji na kuka, mota ba ta gaba. A sauke fasinja, a tone rairayin, a rage iskar tayoyi, a fita a hankali. In an hau kwalta a mayar da iskar. In giya na gurnani ko tana fita da kanta, a duba man giya tun da wuri.

Mu kuma fasinja, kada mu matsa wa direba ya yi lodin da ya wuce ƙa'ida. Kowa ya riƙe ruwan shansa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kai mu lafiya.