Man da ke Ƙarƙashin Ƙanƙara

A shekarar 2008 hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ƙiyasta cewa yankin Aktik, can ƙuryar arewacin duniya, na ɗauke da ɗanyen mai kusan ganga biliyan 90 da ba a gano ba, galibinsa a ƙarƙashin teku. Nan da nan kamfanoni suka fara lasar baki.

Kamfanin Shell ya zuba kimanin dala biliyan 7 a tekun Alaska, kuma ya ɗanɗana kuɗarsa. A ƙarshen Disambar 2012 ana jan dandamalin haƙarsa mai suna Kulluk sai guguwa ta taso, igiyar ja ta tsinke, ruwa ya kwashe shi ya jibge a gaɓar wani tsibiri kusa da Kodiak. A 2015 ya haƙa rijiya ɗaya tak a tekun Chukchi, ya samu abin da bai taka kara ya karya ba, ya tattara komatsansa.

Dalili a fili yake. 'Yan watanni kaɗan ake iya haƙa, sannan ƙanƙara ta rufe teku, dogon duhu ya shigo. In rijiya ta fashe, mai ya malala ƙarƙashin ƙanƙara, wa zai kwashe shi? Mutanen Inupiyat da ke bakin gaɓar kuwa, daga wannan ruwa suke samun abinci.

Rasha dai tana haƙa a tekun Pechora tun 2013, Norway ma tana yi a tekun Barents. Abin takaicin, narkewar ƙanƙarar da ƙona mai ya jawo ita ce ke buɗe musu hanya. A ganina, wannan man gara a bar shi inda yake.