Ma'aunin Labari: Tsakanin Saurin Yarda da Ƙin Yarda



Wannan lacca za ta dubi tambaya guda: idan aka zo wa mutum da labari mai ban al'ajabi, da wane ma'auni zai auna shi? Manomin fadamar Hadejia ya san amsar tun da daɗewa. In aka ce masa an yi ruwa jiya a Jahun, ba ya neman shaida, domin abu ne da aka saba. Amma in aka kawo masa irin shinkafa aka ce zai ninka amfanin gonarsa sau goma, sai ya shuka shi a ɗan gefe guda tukuna, ya jira kaka. Watau gwargwadon girman magana, gwargwadon nauyin hujjar da za a nema.

Tarihin shan-inna a ƙasar Hausa ya nuna abin da kan faru in an saki wannan ma'auni. Cikin 2003 magana ta bazu cewa an gauraya ɗigon rigakafin cutar da maganin hana haihuwa. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da aikin, kuma Kano ba ta koma ba sai Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indunusiya. Kafin ƙura ta lafa, cutar ta ƙetara zuwa ƙasashe wajen 20, har Yaman da ita Indunusiyar kanta. A Jigawa, wadda ke cikin jihohin da cutar ta fi addaba, yaran da suka shanye su ne suka biya kuɗin ji-ta-ji-tar da ba su san da ita ba. Sai 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar an raba Afirka da ainihin ƙwayar cutar ta asali.

Lalle adalci ya wajabta a faɗi cewa tsoron jama'a yana da tushe. Cikin 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu, kuma sai 2009 aka yi sulhu da Gwamnatin Jihar. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Zargi ya isa dalilin yin bincike, amma bai isa dalilin yanke hukunci ba. Abin takaici shi ne, an tsananta wa likita tambaya, mai baza labari kuwa ba a tambaye shi kome ba. Haka aka sake yi cikin Agustan 2014, da aka ce wanka da ruwan gishiri da shansa na kare mutum daga Ebola. Jama'a da yawa suka aikata, har aka yi asarar rayuka.

Hanyar tantance labari ba baƙuwa ba ce a nan. Malaman hadisi, irin su Imam Bukhari, sun kafa ta tun fiye da shekara 1000 da suka wuce. Sukan dubi isnadi, watau wa ya ji daga wa, kuma shin amintacce ne mai kiyayewa. Sa'an nan su dubi matani, ko maganar ta dace da abin da ya riga ya tabbata. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kansa, da wasu suka ɗauka shi ne Mahadi, ya musanta, domin alamomin da aka ruwaito ba su cika a kansa ba. Ilmin zamani ya ƙarfafa sharaɗi na uku, watau gwajin da wani zai iya maimaitawa ya sami sakamako iri ɗaya.

Saboda haka nauyi ya rataya a wuyan ɗalibi da ma'aikaci, domin su ne mutanen ƙauye kan tambaya, kuma su ne ke riƙe da wayar da labari ke shigowa ta cikinta. Kafin ɗayansu ya isar da magana, ya kamata ya san mafarinta, ya auna ta da abin da aka sani, ya nemi wanda ya gwada. In waɗannan ba su samu ba, ya riƙe bakinsa har gani ya kori ji.